Wanda Zai Riƙe wa Ummi Gora

Ni direba ne. Na fi shekara ashirin ina jan bas tsakanin Kano da Zariya, ko akuya ban taɓa takawa ba. Da wannan nake taƙama a gida, a Ingila kuwa ba wanda ya taɓa tambayata. Karatuna bai wuce allo da ajin tsakiya na firamare ba, saboda haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a ransa ya wuce.

Matata Binta ce mai karatun. Ita aka ba sukolashif ta zo jami'a a Ingila karatun nas, ni kuma aka rubuta ni a takardarta a matsayin mai biye da ita, tare da 'yarmu ta fari, wadda a lokacin ba ta daɗe da fara magana ba.

A Salford, gefen Manchester, muka fara zama, a wani flat da bangonsa ke gumi da sanyi. Na ce zan koma sana'ata, aka ce sai na yi jarrabawa. Suka zaunar da ni gaban kwamfuta, suna nuna mini titi, wai in danna duk lokacin da na hango haɗari. To mutumin da ya saba da Kwanar Ɗangora ranar kasuwa, ko'ina haɗari yake gani. Na ga tsohuwa a bakin titi na danna, na ga kare na danna, na ga mota a ajiye na danna. Injin ya ce magudi nake yi. Na koma, na sake komawa, har kunya ta hana ni.

Daga nan sai unguwar Rusholme, wankin tukwane a bayan wani gidan abinci a Wilmslow Road. A lokacin ne na fara gudun taron Hausawa. Mutanen kirki ne, ba na musu, amma kusan duk likitoci ne da injiniyoyi. Ana gama gaisawa sai wani ya ce, "Malam Garba, wane asibiti kake?" Sai in ce asibitin tukwane, su yi dariya, ni ma in taya su. Da Binta ta gama karatu ta samu aiki muka koma Levenshulme, na samu shara da goge-goge a wata cibiyar wasanni ta ƙaramar hukuma. A nan na ɗan huta. Sai aka shiga shekarun nan na tsuke bakin aljihu, yau a rufe laburare, gobe a rufe wurin wasan yara, ran nan kuma aka rufe mu.

Wani ɗan ƙasarmu mai agency, wato kamfanin samar wa mutane aiki, a Birmingham ya ce in zo, akwai aikin mota. Ya rantse mini da Allah a waya. Na je, ashe wankin bas-bas ne a wata tasha, kuma ba ka da ranar aiki tsayayya, sai an turo maka saƙo da asuba. In ka ƙi zuwa sau ɗaya, wayarka ta yi shiru mako guda. Na ce masa, "Alhaji, ai tuƙi ka ce." Ya ce, "Mota na ce, ban ce tuƙi ba." Na kama ɗaki a can, gida kuma sai in agency ta manta da ni.

Yarinyar tawa sunan mahaifiyata aka sa mata, ga ta kuma 'yar fari, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Ummi nake ce mata. Ban goya ta a kafaɗa ba, ban yi wasa da ita a gaban mutane ba. Haka ubana ya yi da yayana, ba wanda ya ce ba ya sonsa. A gida kakanni da baffanni ne ke cike wannan gurbin. A Levenshulme babu kaka, babu baffa. Ni ban lura da gurbin ba sai da wani ya shige shi.

Wata Asabar na iso da rana, tun daga ƙofa na ji ƙwas-ƙwas a tsakar gidan baya. Na leƙa, na ga Binta a durƙushe tana riƙe da sandar tsintsiya da ta mofa, ta ɗora bakinsu a kan bulo, Ummi kuma ba takalmi tana tsalle a tsakaninsu. A lokacin ta kai shekara tara.

Na ce, "Me ake yi haka?"

Ummi ta ɗan rusuna ta ce, "Sannu da zuwa, Baba," ta koma tsallenta.

Binta ta ce, "Rawar makarantarsu ce, ta mutanen Filifin. Baban wata ƙawarta ke koya musu."

"Rawa? Karatu muka kai ta ko rawa?"

"Motsa jiki ne, Malam. Tun da aka soke musu wasannin yamma ba abin da suke yi. Mutumin nan kyauta yake zuwa."

Ummi ta ce da Turancinta na 'yan Manchester, wanda rabinsa ta hanci yake fita, "Tito Dan ya ce ni ce na fi kowa saurin ƙafa."

Na ce mene ne Tito. Ta ce kawu ne da yarensu. Ina da ƙanne maza a Kano, ko sunan ɗaya ba ta riƙe ba, amma ta yi kawu a Filifin. Ranar nan a kan abinci Tito Dan ya ce kaza, Tito Dan ya iya kaza. Ta san sunan tsuntsun da rawar ke kwaikwayo, mai tsallake tarko a gonar shinkafa, ta san yadda ake cewa na gode da yarensu. Na tambaye ta sunan garinmu, ta dubi uwarta.

Juma'ar da ta biyo ban jira saƙon agency ba, na hau babbar bas na zo na tafi makarantar. A ɗakin taro na same su. Tito Dan ɗin, Danilo ne cikakken sunansa, gajere ne mai faɗin kafaɗa, sa'ana ko ya ɗan girme ni, yana aikin kula da tsofaffi a wani gida. Gora biyu dogaye ne a kwance, an ɗora bakinsu a kan katako nan da can. Shi yana durƙushe a wannan gefe, wata mataimakiyar malama a wancan. Su buga gorar a ƙasa, su sake bugawa, sannan su haɗa su da ƙarfi, ƙwas. Yaro zai sa ƙafa a tsakani lokacin da suke buɗe, ya fitar kafin su haɗu. Tinikilin suke ce mata.

Sai na ji ya kira sunan Ummi, na yanka, gatsal, da ƙarfi, har sau biyu. Sunan uwata a bakin wani ƙato. Ta zo a guje, ta shiga tsakanin gorar nan tana dariya, ba ta ko duban ƙasa. Ta miƙa wa mutumin nan ƙafafunta ba tare da ta yi shakka ba. Da ta fita ya ɗaga hannu suka tafa. Ina bakin ƙofa da hulata a hannu, na ji kamar an zuba mini ruwan batir a ƙirji.

Ya zo ya gaishe ni da hannu biyu. Da ma mai girman kai ne da na samu abin kamawa, amma mutumin fara'a gare shi kamar mai tallan turare. Ya ce mataimakiyar nan aikinta zai ƙare ƙarshen wata, ita ma an sallame ta, ga shi suna da wasa a gaban iyaye ranar rufe makaranta. Yana neman wanda zai riƙe ɗaya bakin.

Na ce, "Ni zan riƙe."

Ummi ta ce, "Baba, ai ba ka nan."

Ba da rashin kunya ta faɗa ba, kamar yadda ake cewa ana ruwa a waje ta faɗa. Na ce zan kasance.

Na koma Birmingham da wannan a raina. Akwai wani tsoho ɗan Jamaika da muke wankin bas tare, Lenford, mai ciwon gwiwa. Lokacin hutun rana na ɗauko dogayen sandunan burushin da muke wanke saman mota da su, na ce ya taimake ni. Ya dube ni ya ce, "Garba, a shekarunka?" Na ce 'yata ce. Bai ƙara tambaya ba, ya ninke kwali ya sa a ƙarƙashin gwiwa ya durƙusa. Kullum muka haɗu sai mun yi, direbobi suna wucewa suna mana ihu, shi kuma yana zaginsu yana waƙa. Har na ƙware, ina bugawa ina hira. Abin da ban yi tunani ba shi ne, tsakanin sandunanmu ba ƙafar kowa.

Ranar gwaji na zo da ƙarfin gwiwa. Na durƙusa na kama gorar, ta fi burushi nauyi da santsi. Danilo ya kunna kiɗansu, muka fara. Ya gyaɗa kai ya ce da kyau. Yara biyu suka shiga suka fita lafiya, duk da na ji hannuna yana ɗan nauyi. Sai Ummi ta shigo.

Ina ganin ƙafarta tsakanin itatuwan nan, 'yar siririya, ba takalmi, sai jikina ya yi abin da ya saba. Direba in ya ga ƙafa a gabansa birki yake takawa, ba ya shawara da kowa. Na riƙe gorar, na jinkirta haɗawa don ta samu ta fita. To ita ta riga ta fita, da kiɗan take tafiya ba da ni ba. Lokacin da na saki hannu na haɗa, lokacin ne ta dawo da ƙafar. Gorar ta kama ta a idon sawu.

Ƙarar da ta yi har yau tana kunnena. Na miƙe, amma na tsaya, domin ban san ta inda ake ɗaukar yarinya mai shekara tara ba. Kafin in gama tunani Danilo ya ɗauke ta cak, ta saƙale hannu a wuyansa tana kuka a kafaɗarsa. Ya zaunar da ita, ya aika a kawo ƙanƙara, yana murza ƙafar yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ni aka miƙo wa takalmanta in riƙe.

Ba karaya ba ce, kumburi ne, likita ya ce ta huta kwana biyu. Da muka koma gida Ummi ta kwanta a falo. Binta ce ta same ni a kicin.

Na ce, "A fitar da ita daga rawar nan. Tun farko ban so ba. 'Ya mace tana girma, wani namiji yana ɗaukarta a gaban mutane."

Binta ta ajiye wuƙar da take yanka albasa. "Malam, ni za ka gaya wa? Da ba ka so ba, me ya kai ka durƙuso a Birmingham har gwiwar wandonka ta koɗe? Kishi kake yi, ka faɗa kawai."

"To ina yi. An hana ne?"

"Ba a hana ba. Amma in ka cire ta, ba Danilo za ta daina so ba."

Na leƙa falo, Ummi tana kwance ta ɗora ƙafar a kan matashi. Na ce, "Ummi, ranar wasan, in riƙe ko a nemo wani?"

Ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta, sannan ta ce, "In Tito ya ce ka iya."

Wato ni da na haife ta, sai wani ya sa mini hannu kafin a ba ni ƙafarta. Na shiga banɗaki na wanke fuska, na fito na ce wa Binta ta ba ni lambar mutumin.

A bayan gidansu muka haɗu ran Lahadi, a wani lungu da ake ajiye kwandunan shara. Ya sa matarsa ta riƙe ɗaya bakin, ya cire takalmi ya naɗe wando, ya ce shi zai shiga. Ƙafafunsa gajeru ne masu gashi. Ba zan ɓoye ba, da na gan su tsakanin gorar raina ya raya mini in haɗa da gangan, kuma a lokacin ne bugun nawa ya fi daidai, domin ba na jin tausayin ƙafar. Ya yi ta tsalle har ya gaji, ya fito yana haki yana dariya.

Ya ce, "Ka gani? Ka iya. Da ni ba ka tsaya ba."

Na ce, "Kai ba ɗana ba ne."

"Shi ya sa. Mai riƙe gora ba ya taimakon mai rawa, aboki. In ka sassauta mata ka yi mata ƙarya, ita kuma ta riga ta yarda da kai. Ranar wasan kada ka dube ta sam. Ka dube ni. Kafaɗata za ka bi."

"Kai kuma kana kallonta?"

"Ni tun ina yaro nake yi, zan iya kallo."

Matarsa ta kawo mana shayi. Yana sha ya ce mini yana da babban ɗa a Filifin, wajen kakarsa, ya bar shi yana rarrafe, yanzu har ya fara aske gemu, kuma in sun yi waya yaron "yallaɓai" yake ce masa. Ban so ya gaya mini ba. Na fi son in tsane shi hankali kwance.

Da yamma ya bugo wa Binta, ta miƙa wa Ummi wayar. Na ji ta ce, "Okay, Tito." Ta ajiye ta ce, "Baba, ya ce ka iya." Shi ke nan takardar shaidar da na samu a Ingila.

Ranar wasan ta faɗo ranar aiki. Saƙon agency ya shigo da asuba, na dube shi na kashe wayar, na san abin da zai biyo baya. Ɗakin taron ya cika da iyaye, Turawa, 'yan Pakistan, Somalawa, har da wani likita Bahaushe da na sani, ya ɗago mini hannu daga kujerar gaba. Shugabar makarantar ta tashi ta ce an hana ɗaukar hoto ko bidiyo saboda 'ya'yan mutane, kowa ya mayar da wayarsa aljihu. Na ga Binta ta mayar da tata jaka.

Muka durƙusa, ni da Danilo, fuska da fuska. Aka saki kiɗa. Na kafa idona a kafaɗarsa, in ta sauka in sauka, in ta matso in haɗa. Yara suna shiga suna fita, ina ganin inuwarsu ta gefen ido. Can na ji mutane sun yi shiru, iskar siket ta taɓa mini hannu, na san ita ce. Wuyana ya so ya juya da kansa, na danne shi. Kiɗan ya ƙara sauri, Danilo ya ƙara, na bi shi. Gumi yana shiga idona ban goge ba.

Duk abin da na sani game da rawar 'yata a ranar, a fuskar mutumin nan na gan shi. Ya ɗaga gira, na san ta yi juyi. Ya cije leɓe, na san ta zo wuri mai wuya. Bakinsa ya buɗe da murmushi har haƙoransa na ƙasa suka fito, sai tafi ya ɓarke a ɗakin, wata mata tana ihu a baya. Kowa ya gani, har mai sharar makarantar da ke tsaye a bakin ƙofa. Ni da na bar aikina na zo, kafaɗar Danilo na kalla tun daga farko har ƙarshe.

Da aka kashe kiɗan hannuwana suka ƙi sakin gorar. Ummi ta ruga ta rungume Danilo, ya ɗaga ta sama ya juya da ita. Sannan ta zo inda nake, ta ɗan rusuna, ta ce da Hausarta mai tsami, "Sannu da aiki, Baba."

Na ce, "Yauwa."

"Ka gan ni?"

"Ban gani ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ta ɗaga siket ɗin ta nuna mini idon sawunta, duka biyun, ba ko ja. Ta koma wajen ƙawayenta. Likitan nan ya zo yana cewa, "Malam Garba, kai, yarinyar nan kamar ba ta taɓa ƙasa! Ka ga juyin da ta yi a ƙarshe?" Na ce masa na gode.

Da aka watse sai maganar mayar da gorar gidan su Danilo ta taso. Motar da ta kawo su ta tafi, ba sa shiga motar Danilo, direban bas kuma ba zai yarda da su ba. Danilo ya ce zai kai matarsa wurin aiki ya dawo ya ɗauka da ƙafa. Ummi ta ce, "No, Tito, ni da Baba za mu kai."

Aka ɗaure su da igiya. Ta ɗora bakin gaba a kafaɗarta, na ɗauki na baya, na ɗan matso tsakiya don nauyin ya dawo kaina. Muka fito Stockport Road ana yayyafi, mutane suna kaucewa, wani mai shagon kayan miya yana mana dariya. Ba ta waiwayo ba. Da muka wuce wurin tsayawar bas sai na ji gorar tana rawa a kafaɗata. Na duba, ashe tsalle take tsakanin layukan daɓen titin, ƙafar dama ciki, hagu ciki, dama waje, da takalmin makaranta da jaka a baya, tana yin kiɗan da bakinta.

Na rage tafiya. Ta ce ba tare da ta juyo ba, "Baba, kada ka tsaya."

Ban tsaya ba. Gidan su Danilo yana lungu na gaba a hannun hagu, na ga ta wuce shi, na ci gaba da bin ta.